Shawara nake nema: zanen gine-gine a Zariya, ko in canza zuwa BUK?

Ummi Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka bi wannan hanyar. Na zana JAMB bana na ci 231, da Turanci, Lissafi, Fiziks da Jogurafi. ABU na sa a zaɓin farko, fannin zanen gine-gine. WAEC ɗina ta fito, ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Jogurafi da Ikonomiks, amma D7 na samu a Kemistiri. Makarantarmu kuma ba a koyar da TD, wato darasin zanen fasaha, ko kaɗan.

Yanzu Abbanmu ya ce in je in canza zuwa BUK tun kafin a rufe fom ɗin Post-UTME, don hankalinsa ya fi kwanciya in riƙa kwana a gida. Ni kuwa tun ranar da aka kai mu Gidan Makama muna JS2, na ɗaga kai na ga yadda aka ɗaure rufin da azara babu ƙarfe ko ɗaya, karatun nan ya shiga raina, kuma kowa ce mini yake tushensa yana ABU da ke Samaru. Tambayata uku ce: D7 ɗin nan zai hana ni? Wanda bai taɓa yin TD ba zai iya? In canza ko in tsaya?

Sani Rijiyar Zaki:
Wa alaikumus salam. Nawa kika ci a JAMB? In ba ki kai 200 ba kada ma ki wahalar da kanki.

Maman Hanifa:
'Yata, me ya sa ba ki nemi Nasin ba? Mace da yawo a kan bulo cikin rana tare da leburori? Ki yi tunani tun wuri.

Ɗaliba A Situdiyo:
Malam Sani ai ta rubuta 231 a layin farko. Ummi, ni aji uku nake, kuma ban taɓa riƙe T-sukwaya, wato rular jan layi mai siffar T, ba sai da na shiga jami'a. A aji ɗaya da biyu daga jan layi ake farawa, har yadda za ki fere fensir sai an nuna miki. Waɗanda suka zo daga makarantun fasaha sun fi mu sauri a zangon farko, daga baya kowa ya kama. Abin da zai gwada ki shi ne rashin barci. Daren juri, wato jajibirin ranar da malamai ke tantance aikin kowa, za ki ga mutum talatin a situdiyo, ɗakin da muke zane, wasu sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashin teburi sun ɗan runtsa, yatsu duk gam, ga ƙaramin gidan da kika kwana uku kina yankawa malami zai ɗaga rufinsa da yatsa biyu ya tambaye ki ta ina iska za ta shiga. Hajiya Maman Hanifa, mata muna da yawa a ajinmu, kuma ba mu ne a baya ba.

Mai Haƙuri Funtuwa:
Ƙanwata, ki zauna ki karanta nawa da kyau, don ni shekara uku na yi ina bin kwas ɗin nan.

Shekarar farko na je cibiyar rajista, layi har bakin titi. Yaron da ke kan kwamfuta ya ce me zan karanta, na ce zanen gine-gine. Ya danna ya danna ya miƙo mini takarda, ni kuma don murna na naɗe ta na sa a aljihu. Sai ranar da na fitar da silif ɗin jarrabawa na ga Bayoloji ya sa mini a gurbin Lissafi. Na ci 244 a banza, don babu jami'ar da za ta ɗauke ka zanen gini ba ka zana Lissafi ba.

Shekara ta biyu na tsaya a kansa har ya sa daidai. Na ci 238, na yi Post-UTME lafiya. Jerin farko ya fito babu ni, na biyu babu ni. Da na bincika ashe sakamakon NECO ɗina ba a ɗora shi a shafin JAMB ba, tun da ina jiran sakamako lokacin rajista, babu wanda ya ce mini in ya fito in koma a ɗora. Na'ura ba ta gan ni ba kwata-kwata.

Shekara ta uku ita ce ba na son tunawa. Wani mutum da ya ce yana da hanya a wata jami'a ya karɓi dubu ɗari da hamsin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, buhunan masarar da ya ajiye don damina ya fitar, ina tsaye aka ɗora su a kan amalanke. Mutumin ya riƙa cewa gobe, jibi, har wayarsa ta daina shiga. A ƙarshe wani kwas daban aka ba ni, na karɓa don kada in ƙara ɗora wa tsoho nauyi. Yau shagon buga takardu nake tsaro, ɗalibai na kawo zanensu in buga musu a babbar takarda A1. Wani lokaci in sun tafi cin abinci nakan shimfiɗa zanen a kan teburi in bi shi da yatsa, daga zaure zuwa tsakar gida. Har yau abin na ci mini rai.

Maman Hanifa:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baba, ya saka maka. Wanda ya ci kuɗin nan ba zai ga da kyau ba.

Sani Rijiyar Zaki:
Irin wannan ta faru da ɗan yayata, shi dubu tamanin aka karɓe masa. Malam Mai Haƙuri, ba ku kai ƙara ba?

Mai Haƙuri Funtuwa:
Da wace shaida? Hannu da hannu aka ba shi, a gindin bishiya. Shi ya sa nake cewa yarinyar nan ta bi maganar mahaifinta, ta zaɓi inda take da wanda zai bi mata takarda. Wanda ba shi da kowa ba ya samun kwas ɗin nan.

Akitek Bazazzage:
Malam, na tausaya maka ƙwarai, amma maganarka ta ƙarshe ba haka take ba, kada mu kashe wa yarinya gwiwa. Ni ɗan mai gyaran keke ne, ban san kowa ba na shiga. A jami'o'in tarayya kashi 45 na guraben cancanta ce, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Kuma duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, wato tsarin JAMB na ba da gurbin karatu, ba gurbi ba ne.

Ummi, abin da aka gaya miki kan Samaru gaskiya ne. Karatun ya fara ne a Ibadan a 1952 ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, aka dawo da shi Zariya a 1955, tun kafin a kafa ABU a 1962. Kuma kina fita birni ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, ki ga bakan gizo da aka ɗaure da azara da ƙasa, aji ne guda a tsaye. Sai dai ki san tsawon tafiyar: shekara huɗu digirin farko, biyu digiri na biyu, bautar ƙasa, aiki ƙarƙashin wani, jarrabawar ƙwararru, sannan ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine, ta yi miki rajista. Kafin nan doka ba ta yarda ki kira kanki akitek ba. Ki gaya wa Abba wannan tun yanzu.

Ɗan Kwari:
To ga Bazazzage ya samu dama, yau sai mun ji tarihin Zazzau tun daga Sarauniya Amina. Ummi in za ki je ki tafi da gurasarki.

Akitek Bazazzage:
Kai da garinku ko katanga kuka gani sai kun yanka shaguna, me ka sani a tsarin gini? Bari manya su yi magana.

Ɗan Kwari:
Shagunan ne dai ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanmu, ranka ya daɗe.

Baban Khalifa:
Ni uba ne, ɗana na aji biyu a Minna, can shekara biyar ake yi. Ku bar tarihi ku faɗa mata kuɗi. Allon zane, T-sukwaya, rular sikeli da alƙaluman zane na Rotring sun ci mini kusan dubu casa'in. Kwamfuta kuwa dubu ɗari shida da hamsin na biya, don an ce in ba mai ƙarfi ba manhajar zane ta Revit ba za ta tashi ba. Duk mako kuma sai ya kira, kwali, gam, kuɗin buga takarda.

Ɗaliba A Situdiyo:
Baba, da girmanka, an tsuga maka. Kayan zanena gaba ɗaya ba su kai dubu talatin da biyar ba, allon ma a wajen wata da ta gama na saya. Kwamfutata ta hannu ce daga Beirut Road, dubu ɗari biyu da tamanin, kuma AutoCAD da SketchUp na tafiya lafiya. A aji ɗaya ma ba ta buƙatarta.

Baban Khalifa:
Yaushe kika saya? Je ki tambaya yau ki dawo mu yi magana, 'yata.

Sani Rijiyar Zaki:
Ni na ga allon zane dubu goma sha biyu a Sabon Gari.

Ɗaliba A Situdiyo:
Wannan ƙarami ne na 'yan sakandare, A1 ba za ta hau kansa ba.

Mai Haƙuri Funtuwa:
Kun gani? Wanda ya samu shiga shi ke lissafin allo. Ni da na sha wuyar ƙofar aka ce maganata ba haka take ba.

Akitek Bazazzage:
Ban raina wahalarka ba, Malam. Darasinka biyu ma su ne mafi amfani a nan: ta duba silif ɗinta da idonta, ta kuma je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora WAEC ɗin nan yau, ba gobe ba. Amma shawarar inda za ta yi karatu, wanda ya zauna a ajin ya fi sanin ajin.

Baban Khalifa:
Wanda ke biyan kuɗin fa? Shi ba a jin tasa? Mahaifinta ya fi mu sanin aljihunsa da 'yarsa. Kuɗin ɗaki da abinci a wani gari ba wasa ba ne, ko da lamunin ɗalibai na NELFUND.

Usta Magini:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekara ashirin da shida ina gini. Tambayata ga Akitek: bayan duk shekarun nan da ka lissafa, wa ke kawo muku aiki? Cikin gida goma da na gina bara, biyu ne kaɗai aka kawo mini zanen akitek. Sauran mai gida ne ke tsayawa ya ja layi da ƙafarsa a ƙasa, ya ce nan falo, nan ɗakin uwargida.

Akitek Bazazzage:
Usta ka taɓo inda ke mini ciwo. Watan jiya wani Alhaji ya sa na je filinsa sau uku, na auna, na duba inda rana ke faɗuwa da inda ruwa ke bi, na yi masa zanen farko. Da na faɗi kuɗina ya ce zai neme ni. Bayan sati biyu na wuce na ga an haƙa fandisho da zanena, ya kai wa wani yaro mai kwamfuta ya kwafe masa a dubu ashirin, har ya ƙara bene a kan ginshiƙan da ba a yi don bene ba. Gobe in ya tsage, mu za a zaga.

Usta Magini:
A'a, mu ake zagi. Ku kuna ofis, mu ne a gindin bango. Kuma wasunku ma sai su zana taga ƙatuwa tana kallon yamma, kamar ba su san zafin Afrilu ba. Kakanninmu da tubali suka yi soro mai sanyi babu fanka.

Maman Hanifa:
Wallahi Usta ka faɗi gaskiya. Gidan hayar da muke ciki ɗakin girki ba taga ko ɗaya, in na soya manja sai yara sun fita waje. Ko wa ya zana shi oho.

Ɗan Kwari:
Hajiya ba wanda ya zana shi, da ƙafa aka ja.

Ummi Gwale:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, na karanta duka. Yaya Mai Haƙuri, labarinka ya sa ni kuka, na kuma duba na ga WAEC ɗina ba a ɗora ba, gobe da safe zan je. Amma don Allah maganar D7 ɗin fa? Abba ya ce ranar Litinin za mu je a canza.

Ɗaliba A Situdiyo:
Ki buɗe IBASS, wato kundin sharuɗɗan kwasa-kwasai, a shafin JAMB, ki zaɓi ABU ki karanta sharaɗin kwas ɗin, ki sake zaɓar BUK ki karanta, don kowace jami'a da nata ƙarin sharaɗin. Ki nuna wa Abba a wayar. Ki turo mini saƙo ta gefe in taya ki dubawa da daddare.

Usta Magini:
Akitek, ba ka ba ni amsa kan tagar yamma ba. Kuma rodin da kuke rubutawa a takarda, mai gida na zuwa kasuwa ya ji farashi sai ya sayo ƙarami ya ce in lallaɓa. In na ƙi ya kira wani. Wannan laifin wa?

Baban Khalifa:
Laifin tsadar siminti ne, Usta. Ni nawa ginin shekara uku ke nan yana tsaye a linta.