Wane nauyi doka ta ɗora wa mai otal idan baƙo ya ci zarafin ma'aikaciya?

Alhajin Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin masaukin baƙi a cikin Katsina, kuma yawancin masu gyaran ɗaki da kai abinci mata ne. Ɗaya daga cikinsu ta kawo ƙarar wani baƙo mai yawan sauka wurinmu, cewa duk lokacin da ta kai masa abinci sai ya tura ƙofa ya tsare ta da maganganun banza, har ya kai ga riƙe mata hannu. Manajana ya ce tunda mutumin ba ma'aikacinmu ba ne babu ruwanmu, kuma mafi sauƙi shi ne a sallami matan a ɗauki maza zalla. Shin doka ta ɗora mini wani nauyi a nan?

Wani lauya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarar manajanka ita ce za ta jefa ka cikin shari'ar da kake gudu, domin korar mace don kawai mace ce, balle bayan ta kawo ƙara, nuna bambanci ne ƙarara. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana bambanci saboda jinsi ko addini ko ƙabila, sashe na 34 kuma ya kare mutuncin ɗan Adam. Tun gyaran da aka yi wa kundin a 2010, sashe na 254C ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, hurumin sauraron ƙarar cin zarafi ta fuskar lalata a wurin aiki. A 2013 kotun ta ɗora wa kamfanin Microsoft alhakin abin da shugaban reshensa na Najeriya ya yi wa wata ma'aikaciya, ta kuma sa aka biya ta diyya.

Batun cewa baƙo ne ma ba zai fishe ka ba. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2022, ta nemi a yi la'akari da cin zarafin da ke zuwa daga abokan ciniki, kuma wannan kotu tana da ikon aiki da irin waɗannan yarjejeniyoyi. Tunda labari ya iso kunnenka, yin shiru ba naka ba ne kuma.

Hajiya mai gidan abinci, Daura:
Ranka ya daɗe, ni ba lauya ba ce, amma na san cewa yarinyar da ta iya buɗe baki ta daɗe tana haɗiye abin, domin tana tsoron kada iyayenta su ji su hana ta aikin, ko kuma a ce ita ta ba da fuska. Saboda haka kada ƙara ta tsaya ga manaja shi kaɗai, tunda wani lokaci shi ne mai laifin. A naɗa mace dattijuwa wadda za a iya faɗa wa cikin sirri, a rubuta rana da lambar ɗaki a littafi. A wurina ba a kai odar dare sai mutum biyu, kuma a bakin ƙofa ake miƙa tire. Shi kuwa baƙon, kai da kanka za ka ja masa kunne, in ya sake ka hana shi ɗaki ko nawa yake biya.

Malam Mai Lissafi:
To idan sharri aka yi wa mutum fa?

Wani lauya:
Shi ya sa ake bincike, Malam: a ji ta bakin kowa daban, a tambayi abokan aikinta, a duba kyamarar baranda idan akwai, amma kada a rage mata albashi ko a mayar da ita wanke-wanke kafin a gama. Alhaji kuma ya rubuta dokar gidan da Hausa, a karanta wa kowane ma'aikaci, a haɗa ta da takardar sharuɗɗan aiki da Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba shi cikin wata 3 da fara aiki.