Neman shawara: ina zan samu kuɗin bincike kan itatuwa da kwanciyar hankali?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a yankin Gumel, ina kuma karatun digiri na biyu. Garinmu yana ta faɗaɗa, ana yanka filaye ana sare darbejiya da tsamiya da gawo, har ta kai sababbin unguwanni ba su da inuwar da mutum zai fake da rana. Na lura idan bazara ta tsananta, masu zuwa da kukan rashin barci da faɗuwar gaba da yawan damuwa sukan ƙaru, kuma ina zaton mazauna waɗannan unguwanni sun fi yawa a cikinsu. Ina so in bincika abin a ilmance, amma albashina ba zai ɗauki nauyin masu tattara bayanai da kuɗin mota ba. Don Allah wace ƙofa zan ƙwanƙwasa?

Amsar wani malamin jami'a:

Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, saboda haka hanyarka ita ce ka shawo kan malamin da ke duba aikinka ya nema da sunansa, kai kuma ka shiga cikin ayarin. Akwai kuma ƙungiyar RSTMH ta Ingila, ta masana cututtukan ƙasashe masu zafi, wadda takan ba sababbin masu bincike tallafin da bai wuce fam 5,000 ba, kuma wannan ya ishi aiki irin naka. Hujjar da za ka kafa tana da ƙarfi: tun 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya nuna cewa marasa lafiyar da tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bango barin asibiti bayan tiyata, kuma a 2016 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya fitar da rahoto kan alaƙar lafiya da filayen itatuwa da ciyayi na birane, sai dai yawancin wannan ilimi daga ƙasashe masu sanyi ya fito, ba daga inda zafi ke haura digiri 40 ba. Wannan giɓin shi ne jarinka. Kada ka manta da takardar amincewa daga kwamitin ɗa'ar bincike na Ma'aikatar Lafiya.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:

Ɗan'uwa, ni abin da ya dame ni shi ne mata. Gindin bishiyar ƙofar gida majalisar maza ce, matar da ke kulle kuwa inuwarta ita ce bishiyar tsakar gida, inda take surfe da tsifar kai da renon yara, in babu sai ɗakin kwano mai turiri. Idan ka ƙirga itatuwan titi kaɗai, ka bar rabin gari a baya. Sa kuɗin mata masu shiga gidaje a kasafinka, ka yi amfani da tambayoyin SRQ-20 na auna damuwa bayan an mayar da su Hausa da kyau, kuma kada kalmar taɓin hankali ta fito daga bakinku, domin nan take za a rufe muku ƙofa. Wanda kuka tarar yana cikin matsanancin hali, ku tanadi yadda za a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Kazaure.

Amsar wani tsohon malamin daji:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka leƙa hukumar Great Green Wall mai yaƙi da kwararowar hamada, wadda Jigawa na cikin jihohi 11 da take aiki, da kuma ofishin shirin ACReSAL na Bankin Duniya a Dutse. Sun fi karkata ga dashe da raya ƙasa, amma ko takardar goyon baya suka ba ka za ta ƙara wa buƙatarka nauyi. Sai dai ka yi hattara da abu guda: tsohuwar unguwa mai manyan itatuwa ita ce kuma mai dangi da maƙwabtan shekara da shekaru, sabuwa kuwa baƙi ne suka cika ta. Dole ka nuna yadda za ka bambance amfanin inuwar da amfanin mutanen da ke zama ƙarƙashinta, domin masu ba da kuɗi za su tambaye ka. Kafin ka shiga gida ko ɗaya, ka fara gaida hakimi, shi zai haɗa ka da masu unguwanni.