Ƙanena ya faɗa shan tramol, ko barga za ta taimaka?

Maman Nana, Zengo: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne, shekara uku ke nan yana shan tramol. Da fari don ya jure rana da gajiya ne, yanzu in bai sha ba ko tashi ba ya iyawa. Sau biyu yana bari yana komawa. Na ga bidiyo a Facebook wai a Turai ana kai irinsu wurin dawaki don su daina. Kawunmu na da dawaki biyu a Birni, na hawan sallah. In roƙe shi ya karɓi yaron, ko zancen Turawa ne kawai?

Majo: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin akwai shi. Wani asibiti a Oslo, ƙasar Norway, ya haɗa kula da dawaki da maganin matasa masu shaye-shaye. Binciken da suka fitar a 2015 ya nuna masu zuwa barga sun fi daɗewa kan magani, amma gwajin 2020, wanda ya fi tsauri, bai nuna wani bambanci ƙwaƙƙwara ba. Kuma can ma ba doki kaɗai ba ne, da lokotoro a gefe.

Tramol dangin opiyom ne, wato magungunan kashe ciwo masu kama jiki. Wanda ya shekara uku a kai, in ya yanke rana ɗaya, sai ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, ga rashin barci, shi ya sa yake komawa. A asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini, na kan titi kuwa akwai mai 225 ƙwaya guda. Ki fara kai shi babban asibiti a tsara masa ragewa a hankali. Kada ya hau doki yanzu, tramol na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Baba Mai Doki: 'Yata, hawa ma ai ba shi ne aikin ba. Da asuba a kwashe kashi, a ba da ruwa, a zuba harawa, a jiƙa dusa da kanwa, a goge jiki, da la'asar a ja shi a zaga. Doki bai san wai ka kwana ba barci ba, abincinsa yake jira. Kuma in ka zo masa a birkice sai ya kwantar da kunne ya ja baya, ba ya yarda sai ka natsu. Yara nawa na gani masu zafin kai, ba su jin maganar uba, amma gaban doki da kansu suke sassauta murya. Abu ɗaya dai, kuɗin harawa kada ya bi ta hannunsa.

Ɗan Garin Malam: Ni fa ina da ja. Cikin yaran barga ma akwai masu sha, balle lokacin hawa. A bincika su wa zai zauna da su.

Wani bawan Allah: Yaya, ni na sha, wata goma sha huɗu ke nan da Allah ya raba ni da ita. Ciwon jikin nan kwanaki ne ya wuce. Abin da ya kusa mayar da ni shi ne bayan la'asar, ba aiki, ƙafa ta ja ka fada, ga abokai. Ni tumakin babata na kama. Amma ki tambaye shi tukuna, in tura shi kuka yi kamar horo, kwana uku zai gudu.

Maman Nana, Zengo: Allah ya saka da alheri. Na yi masa maganar jiya, bai ce to ba, bai ce a'a ba, sai ya tambaye ni ko akawal, baƙin dokin nan na Kawu, yana nan. Litinin za mu asibiti in sha Allah. Baba, yaron bargar Kawu sa'ansa ne, shi kuma ta yaya zan gane ko yana sha?