Abin da aka ba ƙaramin rukunin masu rubuta manhaja shawara a kai

A wata tattaunawa tsakanin masu rubuta manhaja, tambayar ita ce: mutum biyar ko shida, aljihu ba nauyi, ina za su riƙa rubuta kurakuran manhaja da bayanan aiki?

Mafi yawa sun ce a fara da GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja (code), tunda rubutun manhajarsu yana can, kuma tun 2019 ma'ajiyar sirri, wato wadda 'yan rukunin kaɗai ke gani, kyauta ce. Sai dai wani ya ja kunne cewa shafukan wiki (shafukan bayanai da kowa a rukunin zai iya gyarawa) a ma'ajiyar sirri sai an biya. Jira kuwa, manhajar bin diddigin kurakurai da ayyuka, kyauta ce har mutum 10, daga nan kuɗi ke hawa da kowane kai.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan masu son riƙe kayansu a kwamfutarsu. Redmine, wadda ta fito a 2006, ta haɗa rajistar kurakurai da wiki, tana ɗaukar ayyuka da yawa lokaci guda, amma girka ta na buƙatar wanda ya san harshen rubuta manhaja na Ruby. Gitea ta fi sauƙi, ƙaramar na'ura ma tana ɗaukarta. Ni dai Fossil ce ta fi burge ni: fayil ɗaya tak, daga mutumin da ya ƙirƙiro manhajar adana bayanai ta SQLite, kuma tana aiki ko intanet ya ɗauke, sai a daidaita daga baya.

An ambaci Bugzilla, aka wuce, don ba ta da wiki.

Wani dattijo a harkar ya nace cewa kafin a girka komai, a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa kwafe bayanan kowane dare, yana kuma gwada dawo da su.