An tafka ruwa a Jidda ranar Talata, ko Juma'a ta yi a shiga teku?

Ɗan Takari:
Salamu alaikum jama'a. Shekarata uku ina aiki a Jidda, tun bara kuma na kamu da son leƙen kifi a Ubhur, bakin teku da ke arewacin garin. Ba nutso da tukunyar iska nake yi ba, aljihuna bai kai nan ba. Tabaran ruwa ne da bututun shaƙa da ƙafar agwagwa, daga gaɓa nake shiga. To jiya Talata an yi ruwa da iska mai ƙarfi, yau gari ya washe tas. Ƙanena ya zo Umara, Asabar zai koma Kano, na kuwa yi masa alkawarin sai ya ga murjani, duwatsun nan masu launi da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, da idonsa. Juma'a da safe ta yi? Gaskiya iyonsa na kududdufi ne.

Baban Hanifa:
Wa'alaikumussalam. Ɗan'uwa, washewar sama daban, kwanciyar teku daban. Abin da ya sa Bahar Maliya take garau har ka hango mita 20 a ƙasa shi ne babu kogin da ke zuba cikinta. Amma in aka yi ruwa a Jidda, wanda yawanci tsakanin Nuwamba da Janairu ne, duk dattin titi da baƙin mai da lakar kwari gaɓa suke nufa. Ka tuna ruwan 24 ga Nuwamba 2022, milimita 179 cikin awa shida? Kwana biyu bayansa na yi gangancin shiga. Na miƙa hannu, da ƙyar nake ganin agogona, ruwan kamar kunun kanwa. Na dawo gida da ciwon kunne na mako guda, uwargida kuma ta samu abin gori.

Ƙa'idar da ake bi ita ce a jira kwana uku bayan ruwa mai yawa. Juma'arka tana kan gaɓar ƙa'idar ke nan. Sannan ko iska ta tsaya, raƙuman ruwan da ta tayar ba sa kwantawa nan take, suna ci gaba da tono yashi. Kifin ma lafewa yake yi cikin ramuka.

Hajiyar Fot Sudan:
Ɗana, ni dagulewar ruwan ba ta dame ni ba kamar maganar ƙanen nan naka. Mu nan bakin tekun muka tashi. In raƙuman ruwa suka haye kan tudun murjani, dole ruwan ya nemi hanyar komawa, sai ya tattaru ya bi ta wata 'yar kafa da gudu. Kafar nan kuwa ita ce mutane ke bi su shiga, don nan ne babu kaifi. Daga gaɓa za ka ga wurin lumui, ya fi ko'ina kwanciya. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga bakinta. To mai iyon kududdufi zai tuna wannan ruwan gishiri na shiga masa bututu? Fitowa ma wani aiki ne: turi ɗaya za a yi maka kan murjani, gwiwa ta dare.

Injiniya Zinder:
Ƙari kaɗan: in ka ji tsawa ko daga nesa ne ku fito, ku ba ta minti 30 bayan ta ƙarshe. Ka duba sanarwar hukumar yanayi da ta masu tsaron iyakar teku kafin ku fita. Sassafe ya fi, iskar arewa da rana take tashi.

Ɗan Takari:
Na gode ƙwarai. Hajiya, kin kashe min jiki, wallahi kafar nan da kika faɗa ita nake bi kullum. Zan je ni kaɗai Alhamis da yamma in tsaya kan gada in duba. In ban ga duwatsun ƙasa ba, ko na ga farin kumfa kan murjani, an fasa. In ya kwanta, rigar ceto zan ɗaura masa, mu tsaya inda ƙafarsa ke taɓa yashi. Akwai wanda ya san inda ake hayar rigar a Ubhur ta Arewa?