Ɗan Gado ko Ɗan Gata? Muhawarar Fadarmu ta Tawa

Mai Shayi: Jama'a, jiya bayan isha'i mun watse ba mu ƙare ba, kuma ina nan kan bakata. Ranbir Kapoor, jarumin fim ɗin Indiya, ɗan gata ne. Kakan babansa Prithviraj ɗan fim, kakansa Raj Kapoor, babansa Rishi, uwarsa Neetu Singh. Fim ɗinsa na fari, Saawariya, ya fito a 2007 ya faɗi warwas a kasuwa, amma shekara na zagayowa kamfanin Yash Raj ya sake ba shi jarumi. Da ɗan talaka ne, da tuni an manta da sunansa.

Ɗan Adar: Yaya, ka tsallake wani abu. Kafin ya tsaya gaban kyamara sai da ya yi wa darakta Sanjay Leela Bhansali yaron aiki a fim ɗin Black na 2005. Kuma Saawariya rana ɗaya ya fito da Om Shanti Om na Shah Rukh Khan, wa zai ja da shi a lokacin? Duk da haka Ranbir aka ba kyautar Filmfare ta sabon jarumi. Ɗan na gada ya fi ɗan na koya.

Mai Shayi: To wa ya buɗe mishi ƙofar Bhansali? Ai nan maganar take.

Tanti Mai Ɗinki: Ku bari in sa baki, don abin ya taɓa gidanmu. Ƙanena ya bar Tawa ya tafi Kano neman shiga fim. Shekara ukku yana naɗe waya, yana riƙe wa jarumai lema a rana, yana kwana a shagon wani. Da aka ba shi fitowa ɗaya, murya ta yi rawa, maganar ta kuɓuce mishi sau biyu, mai fim ɗin ya ce a kawo wani. Shi ke nan. Ya dawo da jaka ɗaya da takalmi tsinkakke, yanzu kabu-kabu yake yi. Ban ce Ranbir bai iya ba, na kalli Barfi na 2012 har na yi hawaye. Abin da ke min ciwo, shi ya faɗi an ɗaga shi, nawa ya yi tuntuɓe an kore shi.

Ɗan Adar: Allah sarki, Tanti. Wallahi ban san haka ta faru ba.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, ku dubi filin kokowa. Ɗan tsohon ɗan kokowa tun yana rarrafe yake jin ganga, ya san kamun ƙafa kafin ya san karatu, kuma ba ya jin tsoron taro. Wannan gado ne na halal. Amma in an buga ganga, ubansa ba ya shiga fili ya riƙe mishi ƙugu. A fim kuwa ana shiga. Dubi Abhishek, ɗan jarumi Amitabh Bachchan: daga fim ɗinsa na fari, Refugee, a 2000 fina-finansa suka yi ta faɗuwa, ana ta ba shi wasu har ya samu kansa a 2004.

Ɗan Adar: Baba, na yarda da wannan. Sai dai Shah Rukh ba shi da kowa a fim, daga wasan talabijin ya taso, kuma ya wuce su duka.

Tanti Mai Ɗinki: Mutum ɗaya ke nan, Ɗan Adar. Sauran da suka koma gida fa, wa ya ƙirga su?

Mai Shayi: Tanti, ki ce wa ƙanenki ya zo fada yau bayan magariba. Ina so mu ji daga bakinsa.