Hoton fure daga kusa, wace dabara?

Maman Hanifa: Salamu alaikum ƴan zaure. Tafasa da duman kada sun cika bayan gidanmu a Zariya, amma duk hoton da na ɗauka daga kusa sai furen ya fito dishi-dishi, ganyen baya kuma tar. Laifin waya ne ko nawa?

Ɗan Bagalam: Wa'alaikumus salam. Hajiya, fara goge idon kyamarar da gefen mayafi.

Mushe Isa: Kin matsa da yawa ne. Yawancin wayoyi ba sa kama abin da ya yi kusa ƙasa da santimita 10. Ja baya kaɗan, ki taɓa tsakiyar furen a allo, daga baya ki yanke hoton. Kar ki ja zum da yatsa.

Abdu Jiratawa: Ni dai shawarata, kar wani ya ruɗe ki da gilashin nan da ake maƙala wa waya. Jika uku na ba wani mai shago, ya rantse har gashin ƙafar zuma zan gani. Ashe roba ce. Tsakiya kaɗai ke fitowa, gefe duk hazo, kuma sai ka kusan manna shi a kan furen, inuwar wayar ta rufe komai. Na mayar, ya ce ciniki ya faɗa. Abin da ya gyara mani hoto a garka lokaci ne. Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yi yaushi, don haka daga an fito asuba nake zuwa, iska ba ta taso ba, rana ba ta yi kaifi ba. Da tsakar rana rawayar furen wankewa take, jan nan na cikinsa ma ba ya fitowa. Ranar da hadari ya rufe sama kuwa, ɗauki har ki gaji.

Ɗan Bagalam: Jika uku! Allah ya mayar da alheri, da ka ci kilishi.

Zuwaira: Yaya Abdu, wanda ka turo jiya ai ba kuɓewa ba ce, rama ce.

Abdu Jiratawa: Ni da na shuka?

Zuwaira: To dubi ganyen.

Baba Mai Hoto: Dangi ɗaya ne, furen duk kama yake, ku bar musu. Ƴata, durƙusa ki daidaita da tsayin furen, ki daina ɗauka daga sama. Kunna layukan nan masu raba allo gida 9, ki ajiye furen inda layi ya gitta layi. Bayan ma ki duba shi: leda ko bokiti ɗaya ya ɓata aikin. Baƙin zane a baya, ɗan nesa, ya wadatar. In hannu na rawa, sa ƙirgen daƙiƙa 3 ki jingina gwiwar hannu.

Mushe Isa: Masu son furen tumfafiya, ku kula da nononta, kar ya shiga ido.

Zuwaira: Kuma a daina turowa haka nan, WhatsApp matse hoto yake. A turo a matsayin takarda, wato document.

Ɗan Bagalam: Wa zai biya mana megan?

Maman Hanifa: Na gode Baba. Baƙin zanen, na atamfa zai yi?

Sani Mokoyo: Afuwan, bado ya buɗe a tabkin Madarunfa kuwa? Asabar nake son zuwa, in akwai mai babur mu raba kuɗin mai.